Ka Duba Kafin Ka Shafa Fenti

A Ingila da Japan akwai kamfanoni, kamar Airfix da Tamiya, waɗanda ke ƙera 'yan ƙananan motoci na roba. Ba a haɗe ake sayar da su ba. Mai saye shi ne zai haɗa sassan da gam, sa'an nan ya shafa musu fenti. Da yawa daga cikinsu kashi 1 ne cikin 24 na motar gaske. Wato motar da tsawonta ya kai ƙafa 16, 'yar ƙaramarta inci 8 ce kawai.

To, abin da ya fi wuya cikin wannan aiki shi ne a sa roba ta yi kama da ƙarfe. Mai garaje yakan ɗauki fenti ruwan azurfa ya malkwaya wa inji da salansa da bamba duka. Wannan kuwa kuskure ne, gama ƙarafan mota ba launinsu ɗaya ba.

Ku je wurin bakanike, ku gaishe shi, ku roƙi izni ku duba. Bamba irin ta tsofaffin motoci tana walƙiya kamar madubi. Alminiyam fari ne, amma sheƙinsa kaɗan ne. Salansa kuwa zafi yakan ƙona ta, tsatsa kuma ta ci ta har ta yi ja.

Gwanayen wannan aiki kowane ƙarfe da dabarar da suke yi masa. In suna son walƙiyar bamba, sai su fara shafa baƙin fenti mai santsi, su bar shi ya bushe sarai. Bayan haka su fesa ruwan azurfa kaɗan kaɗan a kai. Santsin baƙin nan na ƙasa shi ke fito da walƙiyar. In baƙin ƙarfe suke so, sai su goga bakin fensir a kan samfefa, su murza garin a jikin sashen da yatsa. Tsatsa kuwa da ɗigon fenti ruwan ƙasa ake yin ta, ba a cika shi.

Wani zai ce, ai wasa ne, ina amfanin wannan wahala? Ni ban yarda ba. Yaron da ya koyi bambanta ƙarfe da ƙarfe ya koyi lura, lura kuwa ita ce mafarin kowace sana'a. Maƙeri da ita yake sanin ƙarfe ya yi laushi cikin wuta, bakanike da ita yake gane ciwon inji.

Ba sai kun sayi motar roba ba. Motar kara da ta gwangwani da kuke ƙerawa sun isa ku gwada. Ku yi fenti a waje inda iska ke kaɗawa, gama warinsa yana cutarwa. Amma kafin ku taɓa buroshi, ku je ku dubi motar gaske tukuna. Gani ya kori ji.