Gidan Yuro ɗaya a Italiya da kangayen masana'antun Kano

Kuɗin da ake cewa za a sayi gida da su a wasu ƙauyukan Italiya ba za su sayi buhun lemo a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ba. Yuro ɗaya ne, wato ƙasa da Naira 2,000. Don haka ba abin mamaki ba ne idan matashin da kuɗin haya ya sha masa kai, ko ma'aikacin kamfani a Sharada da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ya ga bidiyon irin waɗannan gidaje a TikTok ya tsaya yana lissafi.

Labarin gaskiya ne, ba damfara ba ce daga tushe. Amma wanda ya ji rabinsa ya fi wanda bai ji komai ba shiga haɗari.

Maganar ta fara tashi ne a 2008, lokacin da magajin garin Salemi da ke tsibirin Sisili, Vittorio Sgarbi, ya kawo shawarar a sayar da tsofaffin gidajen garin a kan Yuro ɗaya. Tasa ba ta yi nisa ba, amma wasu garuruwa suka ɗauka, irin su Gangi da Mussomeli a Sisili da Ollolai a tsibirin Sardiniya. Wanda ya fi yin suna shi ne Sambuca, wanda ya fitar da gidaje 16 a 2019. Garin yana da tarihin da zai ba mai karatu sha'awa: Larabawa Musulmi ne suka kafa shi a zamanin da suka mulki Sisili, kuma har yau akwai unguwa mai ƙananan lunguna da ake danganta ta da su, kamar mutum ya shiga cikin Birnin Kano.

To, a Sambuca a 2019 Yuro ɗaya farashin buɗe gwanjo ne kawai. Da aka yi tayi, akwai gidan da ya kai Yuro 25,000. Wanda ya yi nasara sai ya ajiye Yuro 5,000 a matsayin jingina, kuɗin da ya haura Naira miliyan 7, sannan ya gyara gidan cikin shekara uku ko jinginar ta bi ruwa. Gidan kuwa sau da yawa kango ne, rufi ya rufta, bango ya tsage, wasu tun girgizar ƙasar 1968 ba wanda ya sake kwana a cikinsu. Ga kuɗin jami'in shari'a da suke kira notayo, wanda ba a cinikin gida sai a gabansa. Ga harajin rajista, ga injiniya, ga magina da ake biya da Yuro. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Me ya sa masu gida za su rabu da shi a banza? Saboda a Italiya gida na biyu haraji ake biya masa duk shekara, ko da ba kowa a ciki sai ɓeraye, kuma idan bango ya faɗa wa maƙwabci mai gidan ne da alhaki. Jikan da aka haifa a Milan ko Jamus ko Ajantina, wanda ya gaji kashi ɗaya cikin takwas na kangon kakansa, gara masa a raba shi da shi. Garuruwan kuma mutane suke nema. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 59, amma tun 2022 jariran da ake haifa a shekara ba sa kaiwa 400,000. Makarantu na rufewa a ƙauyuka don babu yara.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne mallakar gida a Italiya ba ta ba mutum izinin zama. Ɗan Najeriya da ya sayi gida a Mussomeli sai ya nemi biza kamar kowa, kuma bizar ziyara kwana 90 ce cikin kowane kwana 180. Akwai bizar zama ta masu cin gashin kansu, amma sai mutum ya nuna yana da kuɗin shiga na kusan Yuro 31,000 a shekara daga fansho ko haya ko jari, ba daga aikin da zai yi a can ba, don ba a yarda ya yi aiki da ita ba. Wannan ya haura Naira miliyan 45. Mafi ƙarancin albashi a Kano Naira 71,000 ne a wata. Kowa ya yi lissafin da kansa. Tsarin an yi shi ne don tsohon Ba'amurke ko Bature da ya yi ritaya yana neman rana da man zaitun, ba don matashin da ke neman abin yi ba.

Sai kuma wani shinge da ba a cika ambata ba. Dokar Italiya ta ce baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, kuma ba shi da takardar zama a ƙasar, zai iya sayen gida ne kawai idan ƙasarsa ma tana barin ɗan Italiya ya saya. Ba-ni-in-ba-ka ke nan. Notayo ne ke bincika wannan kafin ya sa hannu. A nan ne ya kamata ɗan Najeriya ya san abin da tasa dokar ta ce, kuma babu misalin da ya fi na Kajuru a Jihar Kaduna.

Wani Bajamushe, Gerhard Huebner, shi ya gina ginin nan na kan dutse da ake kira Kajuru Castle, wanda masu yawon buɗe ido suka sani. Da ya so ya sayi filin da ke kewaye da shi a shekarun 1980, sai aka ba shi shawarar cewa doka ba ta yarda baƙo ya mallaka ba, don haka ya saya da sunan kamfanin Najeriya da yake shugabanta. Da zama ya yi tsami tsakaninsa da kamfanin, ya tafi kotu yana cewa amana ya ba su. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, kuma a 2017 ta yi watsi da ƙararsa, tana mai nuni da cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ajiye ƙasa ne a hannun gwamna don amfanin 'yan Najeriya. Mutum ya zuba kuɗinsa, ya yi gini a ƙauyen da ba nasa ba, ya rubuta sunan wani a takarda, ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Wanda ke Na'ibawa yana shirin tura wa wani ɗan uwa ko aboki a Turai kuɗi ya saya masa gida da sunansa, "kafin a daidaita takardu", ya karanta labarin Kajuru sau biyu. Wanda kuma wani dillalin intanet ya ce ya turo kafin alƙalami a riƙe masa gida, ya sani cewa hukumomin garuruwan ne ke karɓar buƙata, kuma ba a cinikin biri a sama. Ɗan Najeriya da ke zaune a Italiya da cikakkiyar takardar aiki, shi nasa daban ne, sharaɗin ba-ni-in-ba-ka bai hau kansa ba. Irinsu suna da yawa, kuma ga wasunsu wannan ciniki na iya zama mai ma'ana.

Akwai ɗaci a cikin labarin ma. Kudancin Italiya da ke roƙon baƙi su zo su karɓi gidaje shi ne inda dubban 'yan Afirka ke tsinkar tumatir da lemo suna kwana a bukkokin leda da kwano. A 2016 kaɗai 'yan Najeriya sama da 37,000 suka isa ƙasar ta teku. A watan Yunin 2018 an harbe wani ɗan Mali, Soumaila Sacko, a yankin Kalabiriya yana tsintar tsohon kwano a wata masana'anta da aka yi watsi da ita don a yi rufin bukka. A wannan yankin dai akwai garin Riace, inda magajin gari Mimmo Lucano ya zuba 'yan gudun hijira a gidajen da ba kowa, makaranta da shaguna suka farfaɗo, shi kuma ya ƙare da shekaru yana zarya a kotu. Baƙon da ake maraba da shi, a bayyane yake, shi ne mai asusun banki.

Duk da haka kuskure ne a yi wa tsarin dariya a wuce, domin Kano na da nata kangayen, kuma sun fi na Sambuca girma.

Ƙauyukan Sisili sun zama kufai ne saboda matasansu sun tafi masana'antun Turin da Milan da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Unguwanni irin su Na'ibawa kuwa su ne suka karɓi irin waɗannan matasa a nan. Bompai ce ta fara, sannan Sharada da Challawa suka biyo baya, da masaƙu da kamfanonin matsar gyaɗa da na roba da na alewa da na jima. Alaƙar ma ta kai har can: fatar akuya da ta tunkiya da ake jemewa a Challawa da Sharada Italiya na cikin manyan masu sayenta, a mayar da ita takalmi da jaka da sunan da ba na Kano ba. Mutane suka baro ƙauyukan Rano da Bunkure da Kura da ma jihohin maƙwabta suka zo, gonakin da ke gefen titin Zariya suka koma fulotai.

Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara juyawa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da dizal, da atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari suka durƙusar da masaƙu. Waɗanda suka rage sun sake shan wani bugun a watan Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin farko zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni. Wanda ya zaga Sharada ko Bompai a yau zai ga ƙofofin ƙarfe da suka yi tsatsa, maigadi ɗaya a bakin fili mai faɗin unguwa guda, wasu an mayar da su sito, wasu ciyawa ce kawai. Bambancin shi ne a Italiya gini ya rage mutane suka tafi, a Kano aikin ne ya tafi mutane suka rage, kuma kullum ƙaruwa suke yi. A 'Yan Katako kafinta na aiki a bakin titi don ba shi da wurin kafa inji, alhali tafiyar mintoci kaɗan daga nan akwai rumfar masana'anta da ta shekara goma a kulle.

Dabarar Italiyawa a nan take da amfani. Hukumar garin ba ƙwace gidajen take yi ba. Tana zama ne a tsakani: ta gano kangon, ta nemo masu shi, ta sa su amince, ta kawo mai saye, ta ɗaure shi da jingina da wa'adi. Harajin da ke kan gidan da ba a amfani da shi ne ke sa mai shi ya sassauta. Babu abin da zai hana Gwamnatin Kano, ta hannun KANGIS da Ma'aikatar Ƙasa, ta yi wa filayen masana'antu irin wannan: a ƙidaya waɗanda ke kulle, a wallafa, a tsananta karɓar kuɗin ƙasa a kansu, sannan a ba mai fili zaɓin ya bayar da haya mai rahusa ta dogon zango ga ƙungiyar kafintoci ko masu walda ko maɗinka takalma, bisa sharaɗin su kafa aiki cikin shekara biyu ko uku ko su rasa jinginarsu.

Za a ce ai Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke takardar wanda ya saɓa sharuɗɗanta, me zai sa a tsaya lallashi? Amsar tana cikin abin da Kanawa suka gani da idonsu. Gwamnati ɗaya ta yanka filaye ta raba, wata ta zo a watan Yunin 2023 ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, aka koma kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, sakamakon ɗaya ne: mai jari ya koyi cewa takardar fili na iya mutuwa tare da wa'adin wanda ya sa mata hannu. Idan aka buɗe ƙofar soke takardun Sharada, ba kafintan Na'ibawa ne zai samu ba, 'yan siyasa ne za su yanka su fulotai su gina rukunin shaguna.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta magada, kuma ita ce ta kayar da wasu garuruwan Italiya. A Patrica, kudu da birnin Rum, an gano kangaye kusan 40 amma biyu kacal aka iya sayarwa, saboda gida ɗaya na da masu shi da yawa, wasu ba sa ga maciji da juna, wasu sun ɓace a ƙasashen waje. Duk wanda ya taɓa shiga cinikin gidan gado a Kano ya san wannan: an gama ciniki, an biya la'ada, mai unguwa ya sa hannu, sai ga wata 'yar uwa daga Saudiyya ta ce ba da yawunta ba. Kamfanoni da dama da ke kulle a Bompai haka suke, wanda ya kafa ya rasu, 'ya'ya na kotu, banki na riƙe da takarda. Ba za a buɗe irin waɗannan ba sai an ware alƙalai da za su zauna kan rabon gadon masana'antu da basussukansu kaɗai, da wa'adin gamawa.

Abin da ya sa Ba'amurke ke iya tura kuɗi zuwa ƙauyen da bai taɓa gani ba a Sisili shi ne akwai rajistar da za a buɗe a ga sunan mai gida, girman gidan, da bashin da ke kansa, kuma notayon da ya yi sakaci zai amsa a gaban doka. Mai sayen fulotin awon igiya a bayan Na'ibawa ko hanyar Panshekara kuwa abin da yake riƙe da shi takarda ce mai shaidu uku da hatimin mai unguwa, kuma ba zai san an sayar wa wani da filin ba sai ranar da ya kawo bulo ya tarar da harsashin gini. Aikin sabunta takardun filaye da ake yi a jihar zai yi ma'ana ne ranar da mai saye zai iya shigar da lambar fili a wayarsa, ya biya kuɗi kaɗan, ya ga sunan mai shi kafin ya ba dillali ko sisi.