Ma'aunin Bidiyon Koyar da Amfani da Laburare

Tun kafuwar Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, karatu daga nesa ya zama tsanin malamin karkara. Sai dai babban laburare ya yi wa malamin Doguwa ko Kiru nisa, shi ya sa yake dogara ga bidiyon intanet mai koyar da neman littattafai. A ganina, kyan hoto ba ma'auni ba ne. Abubuwa uku za a duba: ya buɗe a ƙaramar waya ba tare da cinye data ba, harshensa ya kasance mai sauƙi, ɗalibi ya iya gano littafi da kansa bayan ya kalla. Bidiyon da ya gaza, a sake shi, domin ɗalibin nesa ba shi da wanda zai tambaya.