Marubuci Ba Alƙali Ba Ne

Duk inda aka zauna a kan ƙagaggen labari a ƙasar Hausa, ko a ajin adabi, ko a taron ƙaddamar da littafi, ko a hirar gidan rediyo, tambaya ɗaya ce ke riga kowace fitowa: "Malam, wane darasi kake son isarwa?" Marubuci kuwa ya daɗe da haddace amsa: faɗakarwa, ilmantarwa, nishaɗantarwa. An nanata wannan har ya zama doka, cewa labari nagari shi ne wanda ya ɗauko darasinsa tun daga shafin farko, ya saka wa mai haƙuri da alheri, ya ga bayan mugu kafin a rufe littafi. Ni ban yarda ba. Wannan ra'ayi yana cikin manyan abubuwan da suka ɗaure alƙalumanmu, har muka kasa rubuta abin da ya auka wa yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum, daga Gwashi zuwa Gummi.

Ra'ayin yana da tarihi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi, kuma abin da hukuma ke nema a lokacin shi ne littattafan da 'yan makaranta za su karanta. Tun ran gini tun ran zane: ƙagaggen labarin boko ya buɗe ido ne a cikin aji, ana tambayarsa amfaninsa. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990, lokacin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sai suka ta taso daga masallaci da jami'a, ana cewa suna ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Marubucin da ya ga haka dole ya nemi abin kare kansa, sai ya ɗaga darasi sama ya ce ga shaidata, ni ma mai gyara ne. Ban zargi wanda ya yi haka don ya tsira da alƙalaminsa ba. Abin da na ƙi shi ne yadda hujjar kare kai ta rikiɗe ta zama ƙa'idar sana'a, har ana koya wa masu tasowa cewa da darasi ake fara rubutu.

Mu gwada wannan ƙa'ida da abin da ya faru a gabanmu. A 2010 duniya ta ji cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya aka gano ta a Bagega. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kuma sai a 2013 aka kai ga share ƙasar Bagega. Yadda abin ya faru sananne ne. Farashin zinariya ya tashi, manomi ya ga dutsen da ke bayan garinsa ya fi gonarsa kawo kuɗi, ya kwaso shi ya kawo gida. Aka daka shi a turmi, aka niƙa shi a injin niƙa, aka shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar dutsen tana ɗauke da dalma, yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki. Sai farfaɗiya, sai suma, sai kabari. An kuma ruwaito cewa a wasu wurare an riƙa ɓoye yawan mace-macen, don tsoron kada hukuma ta hana haƙar.

To, a ba marubuci mai darasi wannan uban. Me zai yi da shi? Zai ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ya kashe masa 'ya'ya uku, ya sa shi kuka a babin ƙarshe yana cewa da na sani. Wannan ƙarya ce, kuma zalunci ne a kan mamaci da mai rai. Mutumin nan da kuɗin dutsen ya rufe ɗakinsa da kwano, da shi ya aurar da ƙanwarsa, da shi ya sayi maganin uwarsa. Ranar da ya fara zargin cewa abin da ke ciyar da gidansa shi ne ke kashe gidansa, me ya faɗa wa matarsa? Ita da hannunta ya riƙe taɓarya, me ta faɗa wa kanta? Ya aka yi ya fita da safe ya ce wa baƙin likitoci ba a yi mutuwa a gidan ba? Nan labari yake, kuma babu karin maganar da za ta rufe shi. Wanda ya yanke hukunci kafin ya fara rubutu ba zai taɓa shiga wannan ɗakin ba, domin ya riga ya san abin da zai gani.

Haka batun 'yan bindiga. A farkon Janairun 2022 an kai hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Aikin ɗan jarida ya tsaya a nan, a kan adadi da wanda ya faɗe shi. Abin da ya rage na mai ƙirƙira ne, kuma abin da ya rage ɗin ba ya rabuwa gida biyu, nagari da mugu. Akwai mai garin da ke bi gida gida yana tara kuɗin da za a kai daji don a bar mutane su girbe gero: maci amana ne ko mai ceton rai? Akwai saurayin da ke kai burodi da fetur daji, wanda kowa ke kira infoma, alhali an gaya masa abin da zai sami mahaifiyarsa idan ya ƙi. Akwai ɗan sa-kai da ya ɗauki bindigar toka don ya kare garinsu, ya wayi gari ya kashe wanda bai san laifinsa ba a bakin kasuwa. Akwai makiyayin da aka kore masa shanu, aka kashe masa wa, bai sami inda zai kai ƙara ba. Akwai matar da aka biya mata kuɗin fansa ta dawo da ciki, mijinta ya kasa kallonta ya kuma kasa sakinta. Akwai wanda aka sace ɗansa a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, ya zauna bai san ko ana kiransa ba. Ga labarai jibge a ƙofar gida, amma da yawa daga cikinmu sun gwammace su kai taurarinsu Abuja da Dubai, inda mugu ke da sauƙin ganewa, darasi kuma ke da sauƙin ɗaurawa.

Mai fara rubutu da darasi kamar tela ne da ya ɗinka riga bai ga mai sawa ba, da ta ƙi shiga sai ya ce a rage mutumin. Shi ya sa taurarin littattafanmu da yawa ba su da jini a jika. Kishiya muguwa ce tun daga haihuwa, uwargida haƙurinta ba ya ƙarewa, attajiri ko dai waliyyi ne ko shaiɗan. Mai karatu ya san ƙarshen tun a shafi na goma, kuma abin da ka riga ka sani ba ya canza ka.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. Za a ce mu Musulmi ne, alƙalami amana ne, ba za mu rubuta abin da ba shi da amfani ba. Na yarda da amana, amma farkon amana shi ne faɗin gaskiya a kan ɗan Adam. Ba na haɗa ƙirƙirar mutum da wahayi, sai dai ko a ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, ba a ɓoye mana abin da ke zukatan 'yan uwansa ba: an nuna hassadarsu da dalilin da suka ba kansu, kuma ba da halakarsu ƙissar ta ƙare ba, da yafiya ta ƙare. Mai sauraro yana ganin kansa a cikinsu, shi ya sa take ratsa shi.

Za a ce shiga zuciyar ɗan bindiga yabonsa ne. A'a. Mun san yadda yabo yake, mun ji shi a waƙoƙin da Gambu ya yi wa ɓarayi. Fahimta daban ce. A 1890 an zargi marubucin Rasha Anton Cekof da cewa ya rubuta labarin ɓarayin dawaki bai la'ance su ba. Amsar da ya bayar a wasiƙa ita ce, kowa ya san sata mugun abu ce, hukunci na masu shari'a ne, nasa aikin ya nuna waɗanne irin mutane ne. Mu da ɓarayin shanu suka zama mana abin da suka zama, mun fi kowa bukatar wannan aiki. Al'ummar da ba ta san yadda yaro mai kiwo ke zama mai kisa ba, za ta kashe wannan, wani ya taso a bayansa.

Za a kuma ce gadonmu ke nan, Magana Jari Ce cike take da darussa. A sake karanta magabatan. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da Malam Zurƙe ɗan Muhamman damfarar juna suke yi daga gari zuwa gari, kuma abin da ya sa ake tuna su ke nan bayan shekara 90. A Jiki Magayi, attajiri ya raba Abubakar da masoyiyarsa da ƙarfin dukiya, ramuwar gayya kuma ta sauka a kan ɗan attajirin da bai ji ba bai gani ba; babu wanda ya fita da farin ciki. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, mayaudari, kuma ba kullum yake shan kashi ba. A 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya bi Mailoma cikin duniyar makamai da ta'addanci bayan yaƙin basasa. Sunan littafin gargaɗi ne, amma ƙarfinsa yana wajen da marubucin ya yarda ya zauna da mugun tauraronsa ya san shi. Ko a kusa, labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016, daga rayuwar 'yan gudun hijira ya fito. Magabata ba su hana mu wannan hanya ba, mu ne muka taƙaita gadonsu.

Idan an ajiye darasi, da me za a fara? Da mutum. Marubuci ya san abin da tauraronsa ke so, da abin da yake tsoro, da abin da ba zai taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan kuwa sai da sauraro: a tasha, a wajen zaman makoki, a layin asibiti, a makarantun da 'yan gudun hijira suka fake. Ya ji yadda tsohuwar Gwashi ke ba da labarin daren da suka gudu, abin da ta fara ambata, da abin da ta tsallake. Ya bar ta ta yi magana da Zamfarcinta a cikin littafi, kada ya sa mata Hausar gidan rediyo a baki, domin rabin halin mutum yana cikin harshensa. Sannan ya haƙura da cewa tauraro zai iya ƙin bin hanyar da aka shata masa. Idan ka tsara cewa mai garin nan zai tuba a babi na tara, ka iso ka ga mutumin da ka gina ba zai tuba ba, to gaskiyarsa za ka bi, ka yaga tsarin.

Wannan hanya tana da wuya, kuma wuyarta ta gaske ce. Akwai haɗari: a ƙaramin gari kowa ya san kowa, dole a sauya suna da wuri da kamanni, a haɗa mutum uku su zama ɗaya, don kada labari ya ja wa wani kisa. Akwai zargi: wannan ɓangare zai ce ka goyi bayan wancan, wancan ya ce ka ci mutuncinsa. Akwai ciwon zuciya, domin wanda ya rasa nasa ba ya son ya ji cewa makashin ma yana da uwa. Akwai kuma kasuwa: mai sayar da labarinsa a WhatsApp, masu karatu na jiran sabon shafi kowane dare, ba shi da sararin da zai ajiye rubutu ya huce ya dawo ya goge rabinsa. Amma a gogewar nan ne ake cire jimlolin da marubuci ya tsoma baki yana gaya wa mai karatu abin da zai ji. Labarin da bai sha gyara ba kusan kullum wa'azinsa ya fi mutanensa yawa.

Ba cewa nake labari ya zama fanko ba. Labarin da ya faɗi gaskiya a kan uban nan da dalma ta kashe wa 'ya'ya zai bar wa mai karatu abin da ya fi darasi nauyi: zai sa ya tambayi kansa abin da shi zai yi da yana wurin, ya kuma tambayi wanda ya bar mutane ba su da abin dogaro sai dutse mai guba. Wannan tambaya ta fi "kwaɗayi mabuɗin wahala" amfani ga tarbiyya, ta kuma fi ta tsoratar da azzalumi.

Saboda haka ina kira ga malaman adabi a sakandare da kwalejoji su daina buɗe nazari da neman jigo da darasi. Su fara tambayar ɗalibi ko ya yarda da mutanen da ke cikin labarin, da dalilinsa. Alƙalan gasa su daina ba da maki don an hukunta mugu a shafin ƙarshe. Masu hira da marubuta su sauya tambaya. Ku kuma 'yan uwana masu alƙalami a Anka da Gummi da Bukkuyum, ku ne kuka san hanyoyin, kuka san karin harshen, kuka halarci jana'izar. Idan ba ku rubuta mutanenku yadda suke ba, wasu za su rubuta su daga nesa a matsayin adadi, ko a matsayin misalin wa'azi. Hukunci yana da masu shi, a kotu da kuma gaban Allah. Naku aikin shaida ne, kuma shaida ba ya rage gaskiya don ta yi daidai da hukuncin da yake so.