Maƙabarta Ba Dandali Ba Ce

Kowace shekara, ran 1 da 2 ga Nuwamba, mutanen Meziko sukan yi bikin tunawa da matattunsu. A tsibirin Janitzio iyalai sukan kwana a maƙabarta, su kunna kyandir, su jera furanni ruwan ɗorawa da abincin da mamacin yake so. Abin takaici, baƙi sukan cika wurin da kyamara, har su haske fuskar tsohuwa tana zaune bakin kabarin ɗanta.

'Yan'uwa ɗalibai, in karatu ya kai mu can aka gayyace mu, to, mu je da ladabi. Mu gai da masu gida, mu nemi izini kafin ɗaukar hoto, mu saurari labarin mamacin. Wane ne cikinmu zai yarda a mai da kabarin mahaifiyarsa abin kallo? Baƙo dai raɓa ne.