Mako Guda Ba Ya Warware Igiyar Aure: A Gyara Dokar 1907

Kusan kowace Lahadi ana ɗaura aure a unguwannin Nima da Mamobi. Waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an ambaci sadaki, an raba goro, liman ya shafa fatiha. A wajen Allah aure ya ɗauru. A littafin dokokin Ghana kuwa, muddin ba a yi masa rajista cikin mako guda ba, doka ba ta san shi a matsayin auren Musulunci ba.

Wa ya ce haka? Turawan mulkin mallaka ne, a 1907, shekara 50 kafin Ghana ta sami 'yanci. Dokarsu ta ce sai ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisin gwamnati sun je ofishin gunduma sun sa hannu. Wanda ya makara, sai ya nemi izinin alƙalin Babbar Kotu. Saki ma sai da rajista. Ku shiga lungunan Nima ku tambayi limaman da suka tsufa suna ɗaura aure, nawa ne ke riƙe da wannan lasisi? Ku tambayi iyayenmu mata, wace ce aka taɓa faɗa wa zancen mako guda?

Ba a jin zafin abin sai ranar da maigida ya rasu, ko aka shiga kotu, ko ofishin jakadanci ya nemi takardar aure. Ran nan ne mace mai 'ya'ya da jikoki za ta ji cewa aurenta, in an yi mata sauƙi, na gargajiya ne kawai. Wannan cin fuska ne, kuma da hatimin gwamnati ake yin sa.

Kada wani ya ce mana doka ba ta taɓuwa. A 1985 dokar gado ta gwamnatin Rawlings ta shiga cikin dokar 1907, ta cire sashen da ya ba Musulmi damar rabon gado bisa shari'a. Da za a rage mana, hannu bai yi nauyi ba. Da aka zo tace dokokin ƙasa ƙarƙashin wata doka ta 1998, Mai Shari'a Crabbe, wanda aka ba aikin, ya tattara su, ya zubar da matattu, ya gyara kura-kuran rubutu. Amma ikonsa bai kai ga sauya ma'anar doka ba, don haka tarkon mako guda ya koma sabon kundi yadda yake. Sauran aikin na majalisa ne, majalisa kuwa ta yi kunnen uwar shegu.

Majalisar nan ta iya soke tsohuwar doka in ta ga dama. A 2001 ta soke dokar ɗaure 'yan jarida kan ɓata suna. A 2023 ta kaɗa ƙuri'ar soke hukuncin kisa kan laifuffuka irin su kisan kai, da ƙudurin ɗan majalisar Madina, Francis-Xavier Sosu. To me ya hana wakilan Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda ƙuri'un Nima da Mamobi suka kai su, su miƙe da namu ƙudurin?

Buƙatarmu ba ta da wuya. A soke wa'adin mako guda. A rubuta ƙarara cewa aure ya inganta tun ranar da aka ɗaura shi, rajista shaida ce kawai. A buɗe ƙofa ga waɗanda suka daɗe da aure su yi rajista ba tare da lauya ba. A sa ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, cikin tantance limamai.

Duk ɗan siyasar da ya shigo unguwanninmu na Zango da buhun shinkafa da sukari a watan azumi, mu tare shi a ƙofar masallaci mu tambaye shi ranar da zai kai wannan ƙuduri majalisa. In ba shi da rana, ya koma da buhunsa.