Birtaniya ta bar Tarayyar Turai, amma cajarta na bin dokar Brussels

Duk wanda ya sayi waya 'yar Landan a kasuwar Farm Centre ta Kano, in ya juya bayan kwalinta ko kan cajarta zai ga wasu ƙananan tambura a jere. Ɗaya harufa biyu ne, CE. A kan kayan da aka ƙera daga 2021 zuwa yau, sau da yawa akwai wani a gefensa mai harufa huɗu, UKCA. Na farkon shaida ce cewa kayan sun cika ƙa'idar Tarayyar Turai. Na biyun kuwa Birtaniya ce ta ƙirƙiro shi bayan ficewarta daga tarayyar, don ya maye gurbin na farkon a kasuwarta. Gwamnati ta sa wa kamfanoni ranar da dole su koma sabon tambarin, ranar ta matso aka ɗaga, aka sa wata, ita ma aka ɗaga. A watan Agustan 2023 sai ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar CE ɗin ba tare da wa'adi ba a kan yawancin kayayyaki, har da na lantarki da na sadarwa. Kamfanonin da suka riga suka kashe kuɗin gwaji da buga sabon tambari sai dai su rungumi ƙaddara.

A ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 52 cikin 100 na masu ƙuri'a suka zaɓi ficewa, kashi 48 suka zaɓi zama. Ƙasar ta fita a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020, sabon tsarin ciniki tsakaninta da Turai ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Babban alkawarin masu kamfen ɗin ficewa shi ne Landan za ta dawo da ikon tsara dokokinta. A fannin waya da na'urori dai abin da ya faru ya fito fili: Birtaniya ta tashi daga teburin da ake rubuta dokar, dokar kuma ta biyo ta har gida. Gara shugabanninta su amince da haka a bainar jama'a su gina makomar cinikinsu a kai, maimakon bin dokar a ɓoye ana cika baki a majalisa.

Labarin bakin caja ya isa misali. A 2022 Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga 28 ga Disambar 2024 duk sabuwar waya, tablet, kyamara da makamantansu da za a sayar a ƙasashenta dole su kasance da USB-C, wanda aka fi sani da Type-C. Laptop kuma an ba ta zuwa Afrilun 2026. A lokacin gwamnatin Birtaniya ta ce ba ta da shirin kwaikwayon wannan doka. Kowa ya san kamfanin da dokar ta fi shafa: Apple, wanda ya shafe shekara goma yana sayar da bakin cajarsa na Lightning yana kuma karɓar kuɗin lasisi daga masu ƙera kebul. Apple ya yi ƙorafi cewa dokar za ta daƙile ƙirƙira, daga baya ya ce ba shi da zaɓi sai ya bi. A Satumbar 2023 iPhone 15 ta fito da USB-C. Ba a Turai kaɗai ba, a ko'ina. Mutumin Manchester ya samu Type-C, na Lagos ya samu, na Dubai ya samu, babu ɗaya daga cikinsu da wakilinsa ya jefa ƙuri'a a kan batun. Bambancin kawai shi ne mutumin Manchester da can yana da wakili a wannan majalisa.

Abin ma har da ban dariya. Da wa'adin ya cika a Disambar 2024, Apple ya janye iPhone 14 da iPhone SE masu tsohon bakin caja daga kasuwannin tarayyar, ya kuma janye su daga Ireland ta Arewa, wadda yanki ce ta Birtaniya amma tana bin dokokin kaya na Turai saboda yarjejeniyar kan iyaka. Wato a ƙasa ɗaya, wayar da shagon Apple zai aika wa mutumin Landan ba zai aika wa na Belfast ba. Gwamnatin Birtaniya kuwa a Oktoban 2024 ta buɗe neman jin ra'ayin jama'a kan ko ita ma ta wajabta caja iri ɗaya, shekara guda bayan magana ta riga ta ƙare a masana'anta.

Dalilin ba siyasa ba ce, lissafi ne. Tarayyar Turai kasuwa ce ta mutum kusan miliyan 450, Birtaniya ba ta kai miliyan 70 ba. Duk mai rubuta manhaja ya san wahalar riƙe siga biyu na abu ɗaya: kowane gyara sai an yi sau biyu, kowane gwaji sau biyu, kowace matsala a neme ta a wuri biyu. To ina ga masana'antar da ke fitar da miliyoyin wayoyi a Shenzhen ko Vietnam ko Indiya? Ba wanda zai buɗe layin haɗa waya na daban saboda tsibiri ɗaya. Za a ƙera ta bisa ƙa'ida mafi tsauri ta babbar kasuwa, a tura wa sauran. Kamfanin Nothing da Carl Pei ya kafa a Landan a 2020 ma haka yake yi, don masu sayen wayarsa ba a Ingila kaɗai suke ba.

Inda Birtaniya ta samu 'yancin barin dokar Turai da gaske, mai waya ne ya biya. Tun 15 ga Yunin 2017 ɗan ƙasar da ke cikin tarayyar zai iya shiga kowace ƙasar tarayyar da layinsa ya yi kira ya hau intanet a farashin gida, ba cajin romin. Kamfanonin sadarwar Birtaniya sun yi ta cewa ba su da niyyar dawo da cajin bayan ficewa. A 2021 EE da Vodafone da Three suka sanar da dawo da shi, fam 2 a kowace rana, ya fara aiki a 2022 ga sababbin kwastomomi da masu sabunta kwangila. O2 ne a cikin manyan ya ƙi bi, shi ma da iyakar data. Ba ƙa'idar masana'anta ba ce wannan, don haka ba abin da ya tilasta wa kowa riƙe ta, da kariyar doka ta tafi sai farashi ya dawo. Haka nan sama da adireshin intanet 80,000 masu ƙarewa da .eu na 'yan Birtaniya aka dakatar a farkon 2021. Ƙungiyar Leave.EU, wadda ta yi kamfen ɗin ficewa, sai da ta mayar da adireshin rajistarta Jamhuriyar Ireland don ta tsira da sunan shafinta.

Masu goyon bayan ficewa suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne shaci-faɗi ba. Lokacin da Meta ya fito da Threads a Yulin 2023, 'yan Birtaniya sun samu a ranar farko, 'yan tarayyar sai Disamba. Bard na Google, wanda ya koma Gemini, ya isa Birtaniya a Maris ɗin 2023, Turai sai Yuli. Apple Intelligence ya shiga iPhone a Birtaniya a Disambar 2024, a tarayyar sai ƙarshen Maris ɗin 2025. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta tare cinikin Microsoft da Activision Blizzard a Afrilun 2023, ba ta sake shi ba sai a Oktoba bayan Microsoft ya yarda ya miƙa wa Ubisoft haƙƙin watsa wasannin ta intanet. Da ƙasar na cikin tarayyar, Brussels ce za ta yanke hukuncin, kuma Brussels ta amince da cinikin tun a Mayu. A 2025 ma da Donald Trump ya ɗora harajin shigo da kaya, Birtaniya ta tsaya a kashi 10, tarayyar ta ƙare a kashi 15.

Duk gaskiya ne. Amma a duba me aka samu: manhaja ta riga zuwa da wata huɗu ko biyar, sannan kowa ya samu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, da dokar kasuwannin dijital ta Turai ta tilasta wa Apple buɗe iPhone ga wasu rumbunan manhaja ban da App Store a Maris ɗin 2024, a tarayyar kaɗai ya buɗe. Da Fortnite ya koma iPhone a Turai a Agustan 2024, matashin Landan kallo ya yi. Birtaniya ta yi tata dokar mai kama da ta Turai a 2024, sai a Oktoban 2025 CMA ta ayyana Apple da Google a matsayin masu riƙe da kasuwar waya da za a sa wa ido na musamman. Hanya ɗaya ake bi, ɗaya na gaba ɗaya na baya.

Batun da ya fi duk waɗannan nauyi ba a ganinsa a bayan kwali. Fiye da rabin abin da Birtaniya ke sayar wa duniya ba kaya ba ne, ayyuka ne: banki, inshora, shawarar lauyoyi, manhajoji, wasannin bidiyo, talla. Yarjejeniyar da aka cim ma a Disambar 2020 ta cire haraji a kan kaya amma ba ta yi wa ayyuka wani abin kirki ba. Kamfanonin kuɗi na waya sun rasa damar yi wa dukan Turai aiki da lasisin Landan, shi ya sa Revolut ke yi wa kwastomominsa na Turai aiki da lasisin Lithuania, Wise kuma da na Belgium. Kuma duk waɗannan ayyuka a kan bayanan mutane suke tafiya. Kafin kamfanin Jamus ya ajiye sunaye da lambobin kwastomominsa a sabar da ke Landan ba tare da tarin takardu ba, sai Brussels ta shaida cewa dokar kare bayanai ta Birtaniya ta yi daidai da tata. Ta ba da wannan shaida a Yunin 2021, amma da wa'adi, ana sabuntawa, kuma tana iya janyewa. Gwamnatin Conservative ta sha alwashin yi wa GDPR garambawul, ƙudirin ya mutu a majalisa da aka kira zaɓen 2024. Wanda ya zama doka a Yunin 2025 gyare-gyare ne da aka yi cikin taka-tsantsan don kada a rasa waccan shaida. Matashin da ke rubuta manhaja daga Kaduna ko Kumasi yana yi wa kamfanin Birtaniya aiki zai tarar ƙa'idar da ake ce masa ya bi wajen ajiye bayanan masu amfani, kusan GDPR ce da aka sauya wa suna.

An ce kasuwannin nesa za su cike giɓin. Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da Australia da New Zealand, ta shiga ƙawancen cinikin ƙasashen tekun Pacific, CPTPP, a Disambar 2024, ta sa hannu da Indiya a Yulin 2025. Ƙiyasin gwamnatin kanta ya nuna ribar CPTPP ba ta kai kashi 0.1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba, ko bayan shekaru. Ofishin da ke bin diddigin kasafin kuɗin ƙasar, OBR, yana aiki ne da hasashen cewa ficewar za ta rage ƙarfin tattalin arzikin da kusan kashi 4 a dogon zango. Har yanzu sama da kashi 40 na abin da Birtaniya ke fitarwa tarayyar yake tafiya. An yi gudun gara, ba a kai ga wani gidan ba tukuna. Ko Arm, kamfanin Cambridge da kusan kowace wayar zamani ke amfani da zanen ƙwaƙwalwarsa, da ya tashi sayar da hannun jari a Satumbar 2023 New York ya nufa, duk da roƙon da firaministoci suka yi ta yi masa ya tsaya a Landan. Ba ficewar kaɗai ta jawo haka ba, amma ba irin labarin da aka yi wa masu zaɓe alkawari ba ne.

Gwamnatin Labour da ta hau a Yulin 2024 ta gane wannan, sai dai tana tafiya kamar mai satar hanya. Ta ce ba komawa kasuwar bai ɗaya, ba komawa ƙawancen kwastam. Amma a taron 19 ga Mayun 2025 da shugabannin tarayyar ta amince a tsara yarjejeniyar abinci da amfanin gona inda za ta riƙa bin ƙa'idar Turai duk lokacin da ta sauya, a shekarar kuma majalisa ta yi dokar da ta ba ministoci damar daidaita ƙa'idojin kaya da na Turai ba tare da sabon ƙudiri ba. Abin da ya kamata shi ne a faɗa wa kamfanoni a fili cewa a kan na'urori, batir, caja da bayanai, ƙa'idar Turai ce ƙa'idar, a nemi kujera ko ta ɗan kallo ce a inda ake tsara ta, a kuma sa cajin romin a cikin tattaunawa tun da an ga kamfanonin sadarwa ba za su sauke shi don Allah ba. Ƙarfin da ya rage a kashe shi inda ƙasar ke da abin faɗa, kamar yadda CMA ta nuna a kan Microsoft.

Masu sayen waya ta hannu suna da rabo a wannan rigima ko ba su sani ba. Daga 20 ga Yunin 2025 duk sabuwar wayar da za a sayar a tarayyar dole batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 na ƙarfinsa, dole kamfani ya samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, ya kuma ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5. Ingila da Scotland da Wales ba sa ƙarƙashin wannan doka. Amma Samsung ɗin da ake sayarwa a Birmingham daga layi ɗaya ta fito da wadda ake sayarwa a Berlin, kuma ita ce nan da shekara biyu ko uku za ta sauka a shagon wani a Farm Centre, da tambarin CE a bayan kwalinta.