A Kai Yara Gidan Kayan Tarihi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malami ya iya kwana bakwai yana ba yara labarin mutanen dā, amma wuni guda a Gidan Kayan Tarihi na Jos ya fi zama a zukatansu. Saboda haka muna jawo hankalin malaman makaranta da akawuna, su riƙa kai ɗalibai da iyalansu wannan gida.

Asalin gidan kuwa daga haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙa suka tono wani kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka sami wani a wajen Jama'a, har wani akawun ma'adinai ya kafa shi mutum-mutumi a gonarsa ta doya, kafin ya kai ga hannun Bernard Fagg, Baturen da ya buɗe gidan a 1952. Bincike ya nuna mutanen Nok suna narka tama tun shekara wajen 2,500 da suka wuce. Watau ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Ba kallo daga nesa kaɗai a ke yi ba. A filin gine-ginen gargajiya an kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina. Yaro zai shiga ciki, ya ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo na ƙasa ke ɗauke da nauyin rufi, ya tambayi dalili. Akwai zauren tukwane, da kan jirgin ƙasa na ƙaramar hanyar dogo ta Zariya zuwa Jos wadda aka rufe a 1957, ga kuma gidan namun daji dab da wurin.

Waɗansu su kan ce ai gumaka ne. Ba don bauta aka ajiye su ba, sai don shaida. Wannan rashin sani shi ya sa manomi ya kan fasa abin da fartanyarsa ta tono, ko ya sayar wa dillali a kan kuɗi ƙalilan, ya ƙare a Turai. Doka ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izni ba, amma doka ba ta tsare abin da masu shi ba su san darajarsa ba.

Don haka malami ya shirya yara tun kafin tafiya, kowa da tambayarsa da littafin rubutu, in an komo a tattauna. Akawu kuma in ya ji an tono wani abu a gundumarsa, ya rubuta wurin da ranar, ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya ga aikin kakanni da idonsa ba zai yarda a sayar da shi ba.